Ƙamshin Fensir a Fadama

Ni ne mai gadin injin ban ruwa
a fadamar da ke bayan Auyo,
inda shinkafa ke kwana tsaye cikin ruwa,
ni kuma in kwana a zaune.
Sauro a nan ba baƙo ba ne,
shi ke da unguwar, mu 'yan haya ne.
Da magariba zai busa algaitarsa a kunne,
ya karɓi haraji, ba ya ba da rasit.

Na ƙona ɓawon lemo, na turara kashin shanu,
na jera bunsurun fadama a bakin bukka,
ɗoɗɗoya kuwa har a hula na soka.
Ni ke tari, ni ke hawaye,
shi yana gefe yana jiran hayaƙi ya lafa.

Ran Laraba sai ga Saudatu, 'yar ƙanwata,
mai awon turare a wani shago a Kano.
Ta ciro kwalba, ba ta kai ɗan yatsa ba.
"Kawu, man itacen al'ul ne.
Ɗigo uku cikin man kaɗanya,
ka shafa a wuya da idon sawu.
Ban da sha, ban da ido,
kuma kar ka jefar da gidan sauronka."
Na ce, "Itacen da bai taɓa ganin Auyo ba,
ina ya san sauron Auyo?"
Ta yi dariya, ta gyara mayafi, ta hau babur.

Bayan isha'i na buɗe murfin.
Turare na zata. Fensir na ji.
Fensir sabon fiƙa, reza a hannun dama,
ɓawonsa na nannaɗewa yana zuba kan benci.
Aji uku, ɗakin da iska ta yaye wa kwano,
Malam Haladu yana zagaye, alli har a gemu:
"Tanimu, rubutunka tonon kaza ne,
amma lissafinka ba ya ƙarya."
Shekarar ce kogi ya shigo gari ba sallama,
ya kwashe gero, ya bar mana rumbu wayam.
Baba bai yi dogon zance ba, lauje ya miƙo.
Fensirin ko rabi bai kai ba,
na soke shi a jinka, na ce sai na dawo.
Shekara talatin da 'yan kai ke nan.

Na shafa man, na zauna kan buhu.
Suka zo kamar kullum, runduna guda,
suka yi ta kewaya ni suna shawara,
kamar mai bin bashi ya tarar da baƙi a zaure,
ya tsaya, ya sosa ƙeya, ya juya.
Ranar na ji kukan kwaɗi sosai,
ashe muryarsu ba iri ɗaya ba ce.

Ba zan yi wa kwalba kirarin ƙarya ba.
Da dare ya raba, gumi ya wanke wuya,
wani mai taurin kai ya dawo,
ya same ni a bayan gwiwa, inda na manta.
Na mare shi, na ƙara ɗigo,
na ja gidan sauro na shige.
Barci dai bai zo ba,
sai jadawalin bakwai ke zuwa, a jere,
har sau tara. A nan na tuntuɓe.

Da asuba na hau tudu neman sabis.
"Saudatu, man ya yi.
In za ki dawo, ki haɗo da fensir biyu
da littafi mai layi, mai ganye arba'in.
Fetur ɗin injin nan, kullum mai gona ke faɗin nawa aka sha.
Bana ni ma zan rubuta."